Mudun Ciwo

Shekara talatin ina awon wake a Agege.
Na san mudun da aka buge wa gindi,
na san tiyar da ke cin haƙƙin mai saye.
Yau ga shi ni ake aunawa.

Amosanin gaɓɓai, in ji su.
Ni dai na san yatsun da suka karkace
kamar citta a faifai.

Ranar Talata aka kira mu Idi-Araba.
Likitoci goma sha biyu, mu majinyata huɗu,
dogon teburi, da na'urar sanyi
mai cizon gwiwa ba sallama.
Dakta Omolabake ta yi bayani,
Uwani tana juya mini a kunne:
kowane asibiti na gwada magani da ma'auninsa,
wannan ya ƙirga kumburi, wancan ya duba jini,
in an haɗa sakamako sai a rasa na kamawa.
Na yi dariya har aka waiwayo.
Ashe rigimar kasuwa ce ta sa farar riga.

Ta latsa ni gaɓa-gaɓa tana ƙirga,
kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, yatsu, gwiwa.
Ashirin da takwas, ta rufe biro.
Na ce, ƙafa fa?
Ta ce ba ta cikin lissafi.
Na ce, to da fiffike na zo daga Agege?

Aka miƙo layi, daga sifili zuwa goma.
Na ce bakwai.
Mama Ekaete, wadda hannunta ya fi nawa lalacewa,
ta ce uku, tana murmushi.
Na dubi ukunta.
Wallahi ya fi bakwai ɗina nauyi.

Sai suka ce mu faɗi abin da za a ƙirga.
Na ce, Uwani, faɗa musu kada ki rage gishiri:
a ƙirga daga kiran assalatu
zuwa sa'ar da yatsuna ke yarda su riƙe buta.
A ƙirga zaman tahiya,
shekara biyu ke nan a kujera nake yi.
A ƙirga ɗaurin bakin buhu,
da matakin danfo a Oshodi
yaron mota na ihu, na baya na turi.
Sannan gajiya.
Ba ta aiki ba, wadda barci ke wankewa.
Wadda kike tashi da ita
kamar an kwana ana daka a bayanki.

Wani yaron likita mai tabarau ya ce
gajiya ba ta fitowa a gwajin jini.
Na ce, ɗana, ƙwaron wake ma
ba ya zama a bayan buhu.
Ɗaga ka ji.

Da la'asar aka ɗaga hannu.
Nawa ya tsaya a kafaɗa ya ƙi gaba,
Uwani ta tallafe shi daga ƙasa.
Tara da bakwai. Gajiya ta shiga.
Ƙafa, an ce sai zama na gaba.
Tahiya kuwa aka naɗe ta
cikin wani layi, “ayyukan yau da kullum”,
ita da wanka da buɗe murfin kwalba.
Abin ya sosa ni, ban ɓoye ba.

Amma na san sana'ata.
Mudun da gari duka zai yarda da shi
dole a shafe masa baki.
Tozon da ya zube, mai shi ke tsincewa.

Ruwa ya tare mu a Mushin, na iso bayan magariba.
Na tarar da jikata Tasalla a rumfa
tana auna wa wata tsohuwa,
ta ɗaga hannu za ta shafe.
Na ce, bar mata tozon.
Ta ce, Inna, me likitocin suka ce?
Na ce, zo ki kwance mini ɗankwalin nan tukuna.